Kafin ka ce an cinye kuɗin titin: yadda ake bin sawun kwangilar hanya a Ghana

Wata Lahadi bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida a unguwar Aboabo ta Kumasi, samarin da ke dafa ataya a gefen masallaci suka kaure da musu. Wannan na cewa kuɗin gadar sama ta Suame, nan cikin Kumasi, an daɗe da raba shi, wancan na rantsuwa kuɗi na nan, 'yan adawa ne suka toshe. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ɗan ƙanwata ya tsallako ya durƙusa ya ce, "Kawu, kai da ka yi aikin titi, raba mana gardama." Na ce masa, "To, a cikinku wa ya san daga aljihun wa kuɗin aikin zai fito?" Aka yi tsit. Awa guda suna ɗaga jijiyar wuya a kan kuɗin da ba wanda ya san mai shi.

Ni ba injiniya ba ne. Shekara ashirin da shida na yi ina awon aiki a wajen 'yan kwangila, ni ne mai tef da littafi da ke bin bayan gireda, in auna abin da aka yi, in kai ofis a mai da shi takardar neman biya. A wannan kujera na koyi cewa adadin da ake faɗa ranar ƙaddamarwa, ranar da babba ke hawa katafila ya kwashi ƙasa ana tafi, shi ne adadi mafi ƙarancin amfani a duk rayuwar aikin. Abin da ke nuna ko titi zai ƙaru yana cikin takardu, kuma yawancinsu kana da ikon gani. Ga yadda nake bi.

Titin na wane ne?

Fara da wannan, don kada ka kai kuka gidan da ba a yi mutuwa ba. A ƙarƙashin Ma'aikatar Hanyoyi akwai gidaje uku. Hukumar Manyan Hanyoyi, wadda aka kafa a 1974 kuma kowa ke ce mata Haiwe, ita ke riƙe da hanyoyin da ke haɗa gari da gari. Su ne masu lamba: N6 daga Ankara, kamar yadda mu 'yan zango ke kiran Accra, zuwa Kumasi, N10 daga Kumasi ta Techiman da Tamale har Paga, N1 da ta bi bakin teku daga Elubo zuwa Aflao. Titunan cikin birni na Sashen Hanyoyin Birane ne, na ƙauye da gonaki kuma na Sashen Hanyoyin Karkara. A 2024 majalisa ta yi dokar haɗe ukun su zama hukuma ɗaya, amma in ka je neman takarda ka tambaya da sunayen da aka saba, su ma'aikatan suka sani.

Akwai kuma 'yan rakiya. Hukumar koko ta daɗe tana ba da kwangilar hanyoyi a yankunan noman koko da kuɗinta. Asambili, wato majalisar ƙaramar hukuma, na iya gyara lungu, musamman tun da aka rarraba musu gireda da tifa a 2024. Saboda haka in ramin ƙofar gidanka ne ya dame ka, Onarabul ɗin unguwa, wato asambiliman da ke wakiltarku, da injiniyan asambili su ne mutanenka. In kuwa hanyar Tamale ce ta cinye maka taya, asambiliman ba shi da ta cewa, ko da ya yi maka alkawari ranar kamfe.

Tsaya ka karanta allon

Kowane aikin gwamnati na kirki yana da babban allo a bakinsa. Mutane na wucewa kullum ba sa ɗaga kai. Sauka daga trotro, wato motar haya, ɗauki hotonsa da waya. Da Turanci ake rubutawa, layi huɗu kake nema. Inda aka sa Client ko Employer, wannan shi ne mai aikin. Contractor ɗan kwangila ne. Consultant shi ne injiniyan da ke sa ido, wanda sai ya sa hannu a biya ko kwabo. Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne Funding, wato inda kuɗin zai fito. In an rubuta ranar farawa da adadin watanni, rubuta su a bayan littafinka.

Allon da ya cika da hoton shugaba amma babu layin kuɗi, ni dai yakan sa ni tsarguwa. Ba na ce ƙarya ce ba. Na ce a fara tambaya.

Daga ina kuɗin?

A nan zan daɗe, don duk sauran maganar rassa ne.

In ka ga an rubuta GoG, kuɗin gwamnatin Ghana ne daga kasafin shekara. Shi ne mafi saurin bayarwa, shi ne kuma mafi wuyar karɓa. Dokar kula da kuɗin gwamnati ta 2016, mai lamba 921, ta ce ministan kuɗi ya kai kasafi majalisa kafin 15 ga Nuwamba ta wuce, ya koma da bitar tsakiyar shekara kafin ƙarshen Yuli, sai dai in shekarar zaɓe ce, nan kasafin kan kai Maris. Dokar ta kuma hana ma'aikata ta ɗaure gwamnati da aikin da zai ci shekaru ba tare da yardar ministan kuɗi da majalisa ba. Takarda ke nan. A ƙasa kuwa an sha ba da kwangilolin da suka ninka abin da ke cikin kasafi. Da ministan kuɗi Cassiel Ato Forson ya karanta kasafin 2025 a watan Maris, ya ce bashin da 'yan kwangila da masu kawo kaya ke bin gwamnati ya kai sidi biliyan 67.5, kuma biliyan 21 daga ciki na ɓangaren hanyoyi ne. Don haka ka shiga shafin Ma'aikatar Kuɗi a intanet, ka sauke kundin kasafin Ma'aikatar Hanyoyi na shekarar, ka nemi sunan titinku. In ba ka gan shi ba, ko ka gan shi da ɗan abin da bai isa kwalbati uku ba, ka san inda aka dosa.

Na biyu Asusun Hanya. Dokar 1997, mai lamba 536, ta tsayar da shi don gyaran hanyoyin da ake da su, kuma mafi yawan kuɗinsa daga harajin mai yake. Duk litar fetur ko gas da direba ya sha, akwai rabon asusun a ciki: faswa 40 ne (faswa ɗari ke yin sidi ɗaya), aka ɗaga zuwa 48 a 2019. Matsaloli biyu ya sha fama da su. An riƙa ɗora masa sababbin ayyukan da ba don su aka yi shi ba, har aka ci bashi da sunansa. Sannan a 2017 aka yi dokar da ta sa wa irin waɗannan asusai rufi, ta ce dukkansu a haɗe kada su wuce kashi 25 cikin ɗari na harajin da aka tara, rarar ta koma babbar tukunya. Ga kuma kuɗin tolget, wato na shingen kan hanya, faswa 50 ɗin da ƙaramar mota ke biya a Motowe, babbar hanyar Ankara zuwa Tema, da aka daina karɓa a Nuwamba 2021 washegarin karanta kasafi, aka ce harajin tura kuɗi ta waya zai maye gurbinsa. Shi ma wannan harajin an soke shi a 2025. Wanda ya ce maka yana biyan harajin mai amma titinsa ramuka ne, gaskiya ya faɗa. Sai dai kuɗin nasa bai isa inda ya nufa cikakke ba.

Na uku kyauta daga waje, ita ce mai daɗin aiki. Titin George Walker Bush, kilomita 14 daga Tetteh Quarshie zuwa Mallam a Ankara, da kuɗin Amurka aka yi shi, cikin yarjejeniyar dala miliyan 547 da aka sa wa hannu a 2006, aka buɗe shi a Fabrairu 2012. Yarjejeniyar tana da wa'adin shekara biyar, abin da ba a kashe ba ya koma wa mai shi, shi ya sa kowa ya ɗaura ɗamara. Gadar shataletalen Tema kashi na farko, da aka buɗe a 2020, kyautar Japan ce, kamfanoninsu suka yi. A irin wannan aikin ɗan kwangila ba ya kwana yana tunanin biya.

Na huɗu bashi, kuma bashi iri-iri ne. Na Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka kuɗin ruwansa kaɗan ne, wa'adinsa dogo, sharuɗɗansa masu tsauri. Gadar Pokuase mai hawa huɗu, da aka buɗe a Yuli 2021, ta ci wajen dala miliyan 94, kusan miliyan 84 daga Bankin Raya Afirka, sauran daga gwamnati. Ka lura da wannan "sauran". Shi ake kira kason gwamnati, yawanci daga cikinsa ake biyan diyyar gidaje da shaguna, kuma shi ne ke makara. Sai bashin bankunan kasuwa, wanda sau da yawa ɗan kwangilar ne ke zuwa da shi a hammata: ku ba ni aikin, ni na san bankin da zai ba ku rance. Gadar Circle da 'yan Ankara suka laƙaba wa Dubai, wadda kamfanin Brazil ya gina aka buɗe a 2016, ta wannan hanya ta zo. Yana da sauri, amma babu gasar farashi, kuma kuɗin ruwa da na inshora da na shirya rancen duk suna bisa kanmu. Yarjejeniyar Sinohydro ta dala biliyan 2 ta 2018, wadda aka ce za a biya da ma'adinin bokzait, ita ta haifi gadar Tamale da aka buɗe a Maris 2022.

Abin da zai taimake ka a nan shi ne sashe na 181 na tsarin mulkin 1992: gwamnati ba ta cin bashi sai majalisa ta amince. Ma'ana kowane rancen titi yana da rahoton kwamitin kuɗi na majalisa, a ciki akwai adadin, da kuɗin ruwa, da shekarun biya. Nemi wannan rahoton, ya fi jawabin kowane minista.

Yanzu koma kan musun samarin. An ƙaddamar da aikin Suame a Oktoba 2022, kuma a cikin kuɗin da aka tsara shi a kai akwai rancen bankin waje. Ranar 19 ga Disamba 2022 Ghana ta sanar da dakatar da biyan yawancin basussukanta na waje. Wane banki ne zai ci gaba da zuba wa wanda ya ce ba zai iya biyan na baya ba? Haka ayyuka da dama suka tsaya cik a lokaci guda, daga titin Tema zuwa Aflao har kasuwar Kejetia kashi na biyu. Kuɗin da ba a sako ba, ba a cinye shi ba. Wannan bai wanke kowa ba, don wanda ya ƙaddamar da aiki alhali baitulmali na numfashi sama-sama shi ma yana da tambayar da zai amsa. Amma tambayar daban ce da wadda samarin ke yi.

Akwai na biyar, haɗin gwiwa da 'yan kasuwa, wanda aka yi wa doka a 2020: su gina, su karɓi kuɗin tolget shekaru. Motowe ta Ankara zuwa Tema, kilomita 19 na kankare da Nkrumah ya buɗe a 1965, an sha yi mata irin wannan shiri. A Disamba 2020 an sa hannu da wani kamfanin Portugal kan dala miliyan 570, aikin bai tashi ba, sai a 2024 aka sake ƙaddamarwa da wani tsarin. Sa hannu daban, kuɗi a ƙasa daban.

Ta yaya aka ba da kwangilar?

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2003, mai lamba 663, da gyaranta na 2016, ta sa gasa a matsayin asali: a tallata, kamfanoni su kawo farashi a rufe, a buɗe a gaban kowa. Ana iya gayyatar 'yan kaɗan, ana iya ba mutum ɗaya kai tsaye, amma sai da izinin Hukumar Sayen Kayan Gwamnati da dalili. Hukumar na wallafa kwangilolin da aka bayar a shafinta, tun 2019 kuma akwai GHANEPS, dandalin ba da kwangilar gwamnati ta intanet. Duba ko titinku ta gasa ya bi ko ta bayan gida.

Ka tambayi ajin ɗan kwangilar. Ma'aikata na rarraba su: A na titi, B na gada da kwalbati, lamba 1 manya, lamba 4 ƙanana. Mai A1B1 ne ya kamata ya riƙe babban aiki. In ka ji an ba mai ƙaramin aji hanyar kilomita hamsin, to akwai wanda zai sayi aikin daga hannunsa, kuma ladan dillancin daga kaurin kwalta zai fito.

Tarkon "nawa kilomita ɗaya?"

Kowace shekarar zaɓe sai an yi wannan faɗan a rediyo. Mu mun yi kilomita a kan kaza, ku kun yi a kan ninkinsa. Kamar mutum ne ya ce maka ya sayi yadi biyar, bai faɗa maka shadda ce ko atamfa ba.

Kafin ka raba kuɗi da tsawo, tambayi layi nawa ne. Titi mai hannu biyu da layi uku kowane gefe, ga ƙananan hanyoyi a gefe, ya ninka titin ƙauye sau huɗu ko biyar a faɗi kawai. Tambayi yadda aka ƙirga tsawon, don wani lokaci akan lissafa zuwa daban dawowa daban, kilomita goma ta zama ashirin a takarda. Tambayi abin da ke saman: feshin kwalta da tsakuwa ne, ko dafaffiyar kwalta mai kauri, ko kankare. Gada nawa, kwalbati nawa, gota buɗaɗɗiya ko rufaffiya. Ƙasar wurin fa, fadama ce da sai an kwashe an ciko da marmara daga nesa? A cikin gari kuma akwai abin da ba ya fitowa a hoto: ɗauke bututun ruwa, da turakun lantarki, da wayoyin kamfanonin waya, da diyya. Na taɓa aikin da kawar da waɗannan ya ci wata tara kafin mu zuba tifa ɗaya ta tsakuwa.

Duk amsoshin suna cikin takarda ɗaya, wadda mu a wurin aiki muke ce wa bil. Jeri ne na kowane abu da za a yi, da yawansa, da farashin kowane awo. Bari in nuna maka yadda ake wasa da ita, da lissafin da ɗan firamare zai iya. Titi mai layi biyu faɗinsa mita 7.3 ne. Kilomita ɗaya, kwalta mai kaurin milimita 50, ya kama kubik mita 365, wajen tan 876 ke nan, kusan tifa 44 in kowace na ɗaukar tan ashirin. To a rage kaurin zuwa milimita 40. Ido ba zai gane ba, ranar buɗewa baƙi wuluk yake sheƙi. Amma an ajiye kubik mita 73 a kowace kilomita, kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin kwaltar. A nan ake cin titi, a santimita ɗaya, ba a buhun kuɗin da ake tunanin wani ya saɓa da dare ba. Maganinsa injiniya mai sa ido ya huda titin ya ciro gunduwa ya auna, kuma akwai rahoton wannan awon. Shi ma ana iya nema.

Sai canjin aiki bayan an fara. Wani na gaskiya ne, an tona an tarar da dutse ko ruwa. Wani kuwa dabara ce, a shigo da araha a ci gasa, a rama daga baya. Sashe na 87 na dokar 663 ya ce ƙarin da ya haura kashi goma cikin ɗari na asalin kuɗin sai ya bi ta kwamitin bita. Don haka ka nemi adadi biyu, na ranar sa hannu da na yau.

Kuma ka duba da wane kuɗi aka rubuta kwangilar. A farkon 2022 dala na wajen sidi shida, kafin ƙarshen shekarar ta haura goma sha huɗu, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disamba. Kwalta daga waje take zuwa, kayan gyaran katafila haka, rodi da siminti duk suna bin dala. Manyan kwangiloli na da lissafin daidaita farashi a ciki. In aikin wata ashirin da huɗu ya koma shekara bakwai, wannan lissafin kaɗai na iya kumbura kuɗin ba tare da an ƙara ko taku ɗaya ba. Mu 'yan Kumasi ba sai an ba mu labari ba: an fara aikin gadar Sofoline a 2007, shekarar da aka sauya kuɗi sidi ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, yaran da aka haifa a lokacin sun shiga sakandare aikin bai gama kammaluwa ba.

Yadda ake biya, da abin da ya sa katafila ke kwana a ciyawa

Ba a miƙa wa ɗan kwangila kuɗin aiki dunƙule. Akan ba shi na somin-taɓi, shi ma sai ya kawo takardar lamuni daga banki, kuma ana cirewa a hankali. Daga nan sai ya yi aiki da kuɗinsa, mu auna, injiniya ya duba ya sa hannu, a fitar da satifiket, wato takardar shaidar aikin da aka yi da kuɗin da za a biya. Daga kowane satifiket ana riƙe wani kaso, ba a sake shi duka sai an ga titin ya yi shekara bai fashe ba. Satifiket ɗin zai bi ofis-ofis har ya isa inda kuɗi yake. In kuɗi na nan, makonni. In babu, sai ya hau layi.

Satifiket na bakwai a wani aiki da muka yi a arewa ya yi wata goma sha huɗu a layi. Ba zan faɗi ofishin ba, mutanen da ke ciki ma ba su ne suka riƙe kuɗin ba. Maigidana ya ci bashin banki ya sayi gas da tsakuwa, kuɗin ruwa na hawa kullum. Muka ci wace bashi a wajen wata Hajiya har ta daina yi mana murmushi, ranar nan ta ce da ni, "Malam, ni ma fa shinkafar nan bashi na ɗauko." Aka sayar da rola ɗaya aka biya leburori rabin haƙƙinsu. Damina ta zo ta wanke marmarar da muka shimfiɗa muka daddaɓe amma ba mu samu rufewa ba. Mutanen garin suna wucewa suna zaginmu ɓarayi. Da kuɗin ya fito, sai da aka biya mu aikin, aka biya kuɗin ruwan jinkiri yadda kwangila ta tanada, aka sake biyan gyaran abin da ruwa ya ci. Gwamnati ta biya sau uku a kan titi ɗaya, kuma ba wanda ya saci sisi.

Ka yi lissafin da kanka. A Yuli 2023 Babban Bankin Ghana ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 30, bankunan kasuwa kuwa a lokacin sama da haka suke ba da rance. Satifiket na sidi miliyan goma da ya kwana shekara ya jawo wa mai shi aƙalla miliyan uku. 'Yan kwangila ba wawaye ba ne. Wanda ya san za a ja masa rai, tun ranar rubuta farashi yake cusa wannan asarar a ciki. Dalili ke nan da aikin GoG kan fi na masu ba da tallafi tsada, ko da titin iri ɗaya ne.

Saboda haka in aiki ya tsaya, tambaya ɗaya ke raba gardama: satifiket nawa aka fitar, nawa aka biya? In an biya shi kashi saba'in aiki na kashi talatin, ɗan kwangila da wanda ya sa hannu ke da amsa, kuma irin wannan ne Babban Mai Binciken Kuɗi ke da ikon cewa a dawo da shi, bisa sashe na 187 na tsarin mulki. In kuwa ya yi saba'in an biya shi talatin, ka bar bawan Allah ya huta.

Wata 'yar magana a gefe, tunda da yawanmu a Aboabo da Asawase harkar manyan motoci muke, masu albasa daga Nijar, masu shanu, masu siminti. Injiniyoyi sun daɗe da gano cewa in nauyin da ke kan gatarin mota ya ninka, ɓarnar da yake yi wa titi kusan sau goma sha shida take ninkawa. Tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce ƙa'ida ta fi dubban tasi cin hanya. Mu ma muna da hannu a ramukan Kintampo.

Rubuta wasiƙa

Tun 2019 akwai dokar 'yancin samun bayani, mai lamba 989. Kowace ma'aikata na da jami'in bayani. Ka rubuta masa da Turanci, gajere, ba sai ka faɗi dalili ba. Wanda bai iya rubutu ba doka ta yarda ya faɗa da baki, jami'in ya rubuta masa. Kada ka ce a ba ka "duk bayanin titin", za a yi ta juya ka. Sa sunan aikin daidai yadda yake a allo, sannan ka nemi abu biyar: kuɗin kwangila na asali da na yanzu, inda kuɗin ke fitowa, hanyar da aka bi aka bayar, jerin satifiket da aka fitar da waɗanda aka biya da ranakunsu, da ranar gamawa ta farko da ta yanzu. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka.

Kwana 14 jami'in ke da shi ya yanke shawara. In ya hana ko ya yi shiru, kana da kwana 30 ka kai ƙara wajen shugaban ma'aikatar, in nan ma ba a dace ba sai Hukumar 'Yancin Samun Bayani. Ana iya cajinka kuɗin kwafi. Shawarata kada mutum ɗaya ya sa hannu. Ku rubuta da sunan ƙungiyar matasa ko ta direbobi, ku ba Sarkin Zango kwafi, ku ba ɗan majalisarku kwafi, don shi yana da ikon kiran minista ya amsa tambaya a zauren majalisa, amsar kuma ta shiga kundi.

In an shafa wa bangonka jan fenti

Kada ka rushe da hannunka, kada kuma ka ƙara ɗaki da dare don diyya ta yi kauri, akwai ranar da ake rufe ƙidaya, abin da aka gina bayanta asara ne. Ɗauki hoton ginin ciki da waje tun yau. Tattara takardar fili, da izinin gini in akwai, da rasit na harajin gida da na shago. Sashe na 20 na tsarin mulki ya ce a biya diyya mai adalci ba tare da jinkiri ba, kuma kana da ikon zuwa Babbar Kotu in ba ka gamsu ba. Sashen kimanta kadara na Hukumar Filaye ne ke sa farashi. Ranar da suka zo awo ka tsaya a wurin da kanka, ka karɓi lambar da suka ba ginin, kuma kana iya ɗaukar naka mai kimantawar. Yawancin gidajenmu na zango na gado ne, magada goma sha, takarda ɗaya ko babu, don haka ku zauna da liman ku fitar da wakili a rubuce kafin a zo. Koma ka duba allon nan kuma: in Bankin Duniya ne ko na Raya Afirka, ƙa'idarsu ta haɗa har da ɗan haya da mai kiyos da mai tebur a bakin titi, ko ba su da takardar fili.

Samarin atayan sun rubuta tasu wasiƙar a kan wani titin unguwa da aka kankare aka bari shekara biyu. Ɗan ƙanwata ya kai da kansa ranar Talata, ya dawo da kwafi mai hatimi, na sa masa a cikin tsohon littafin awona. Yau kwana tara.